Baƙin Fensir a Bakin Kwaɗo

Liman bai kai rabin huɗuba ba Baba Na'iya maigadi ya sha gindin bindiga a ƙeya.

Tsohon ya kife a kan butarsa. Kafin ya ce wayyo, Atu, ɗaya daga cikin ɓarayin, ya zura masa buhun taki a ka, ya ɗaure bakin buhun a wuyansa, ya take masa gadon baya.

"In ka motsa, tsoho, lahira za ka ida sallar ga."

Juma'a ce, rana tsaka. Duk namijin da ke da ƙafa a Kebbe yana masallaci, babu mai magana a layin sito-siton bayan kasuwa sai lasifika. Sharifu, ogan tafiyar, ya leƙa dama ya leƙa hagu. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa jin wanda ya ga fushinsa ya dawo da labari mai daɗi ba. Ya nuna ƙofar ƙarfe da bakin bindiga.

"Malam Atiku, bisimilla. Ga mutuminka."

Atiku ya durƙusa. Siton na Alhaji Jamaluddeen ne, dillalin shanu, wanda mahauta da makiyayan yankin ke kai wa ajiyar kuɗinsu. Makullinsa kuwa yana hannun mutum ɗaya tak, Abdulƙadiri, yayan Atiku ciki ɗaya, wanda ya riƙe Atiku tun rasuwar mahaifinsu. Don haka sai da Atiku ya sa Sharifu ya rantse kafin ya yarda ya zo: zai buɗe shiru don kada ƙarar guduma ta tara mutane, in sun gama za a farfasa kwaɗon, kowa ya gani da idonsa ɓalle shi aka yi. Ba ruwan mai makulli.

Ya zaro kayan aikinsa, ƙarafa biyu da ya fiƙe daga tsohuwar lema. Ya sa lanƙwasasshen a ƙasan ramin makulli ya ɗan danna. Ya zura mai ƙugiyar ya fara lalubo fil-fil ɗin ciki, 'yan ƙarafan da ke riƙe kwaɗo a kulle. Na farko ya ɗaga, ƙas. Na biyu, ƙas. Sai cikin kwaɗon ya ɗan juya kamar zai buɗe, ya tsaya cak. Ya taɓa na uku, sai ya ji ƙarfen hannunsa na hagu yana turo shi baya.

Gumi ya karyo masa. Ya juya kwaɗon ya dubi gindinsa. Ga tabon zarto nan, ga 'yan ramukan da aka toshe da tagulla.

"Oga," ya ce. "Kwaɗon ga nau na. Ni niy yi shi."

"To madalla," in ji Sharifu. "Ashe ba za ka ɓata muna lokaci ba."

*

Atiku ba ɓarawo aka haife shi ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Yaro ne mai shagon gyaran waya a Tambuwal wanda Allah ya jarabce shi da son kwaɗo. Wasu na kiwon tantabara, wasu na kashe kuɗi a kallon ƙwallo, shi kwaɗo yake saye. Sabo da tsoho, na Sin da na Jamus, ya jera su a ƙusa a bangon ɗakinsa. Ya koyi buɗewa a bidiyon waya, ya zarce masu koyarwar. Kullum da yamma za ka gan shi a bencin mai shayi, ido rufe, kwaɗo a tafi, yana sauraron ƙarfe da yatsunsa.

Yana da ɗabi'a ɗaya. Ba ya taɓa kwaɗo sai ya kankare bakin fensir da reza ya hura garin a ramin makulli, wai ya fi mai santsi kuma ba ya tara ƙura. Yatsunsa kullum baƙi ƙirin. Daga Tambuwal har Sanyinna har Kebbe, in ka ce Atiku Fensir, an san wa kake nufi.

Da na kasuwa suka daina ba shi wahala sai ya koma yin nasa. Ya huda kwaɗo ya zazzage fil ɗin kamfani, ya fiƙe wasu da hannunsa, masu siririn ƙugu kamar kalangu. Irin wannan fil shi ke yaudarar mai buɗewa: ƙugun ya maƙale, kwaɗo ya ɗan juya, ka ɗauka ka gama, alhali yanzu ka shiga tarko. Wanda ya fi duka kyau, shi ya kai wa yayansa kyauta da babbar salla.

"Yaya, wanga ko ni sai na yi gumi. In ba makulli nai ba, to sai ni. Ka sa a ɗakinka."

Abdulƙadiri bai sa a ɗakinsa ba. Me yake da shi a ɗaki, katifa da rediyo? Ya kai shi inda amanar mutane take. Ya kuma yi abin da bai saba ba, ya yi alfahari. Ya gaya wa Alhaji, ya gaya wa mahauta, ya gaya wa duk wanda ya tsaya, cewa duk jihar Sakkwato babu mai buɗe kwaɗon nan sai da makullin da ke wuyansa. Sunan wanda ya ƙera ne kawai bai faɗa ba, don Atiku ba ya son a dame shi da roƙo.

Mutanen gari dariya suke wa Atiku. Saurayi guda da wasan yara, in ji su. Sharifu ne mutum na farko da ya zauna kusa da shi a bencin nan ya kalli hannunsa bai yi dariya ba. Ya saya masa shayi da ƙwai, ya ce, "Wallahi kai injiniya na, garin ga ba su san darajarka ba." Da wannan magana guda aka saye shi. Abin takaici ne, amma haka aka yi.

*

"Oga, a sa guduma tun yanzu," in ji Atiku. "Ba ni iyawa."

Sharifu ya juya. Ya taka a hankali ya ɗora bakin bindiga a kan buhun da kan Baba Na'iya ke ciki. Tsohon ya fara salati.

"Ka buɗe, ko in buɗe wanga."

Atiku ya koma. Ya so hannunsa ya ƙi, amma hannun ya san hanya. Ya sassauta dannawa kaɗan, ya bar fil mai ƙugu ya zame ya hau. Ƙas. Na gaba ma haka. Abin da zai ci masa rai har kabari shi ne, a daidai lokacin da na ƙarshe ya ɗaga, sai da ya ji ɗan daɗin nan da yake ji a bencin mai shayi.

Kwaɗo ya buɗe baki, lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Suka afka. Atu ya ja maigadi ciki ya wurgar a kan buhunan dusa. Sharifu ya nufi durowar ƙarfe — ya daka mata ƙafa sau ɗaya, sau biyu — murfi ya ɓalle. Jakunkuna, ƙunshin leda, har da ɗaurin tsumma irin na tsofaffi. Atu na cusawa a buhu yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Yau mun faso, Oga. Kai, mutanen ga na da nama."

"Rufe baki ka ɗaure buhu."

Lasifika ta yi shiru, sai ga iƙama. Suka fito. Atiku ya miƙa hannu.

"Gudumar."

"Wace guduma?" in ji Sharifu. "Maida kwaɗo ka kulle."

"Ba haka munka yi da kai ba. Ka rantse."

"Na rantse, na kuma fasa. In anka ga kwaɗo a fashe, mu za a bi. In anka gan shi a kulle, mai makulli za a tambaya. Kafin su gama da shi mun sha kwana." Ya ɗan yi murmushi. "Ai yayanka mutumin kirki na, ba a rasa mai tsaya mishi."

"Kashe shi za su yi, Oga. Ka san abin da aka yi ma wanda anka ce infoma na."

Bakin bindiga ya taɓa haƙarƙarinsa.

"Kulle."

Atiku ya maida kwaɗon. Sharifu ya juya wajen babura. A ɗan wannan tsakani Atiku ya laluba aljihu ya ciro 'yar kwalbar allura da yake tara garin fensir a ciki. Tun aikinsu na farko Sharifu ya haramta masa amfani da ita, amma bai taɓa iya barinta a gida ba. Ya cire murfin da haƙori, ya juye ta kaf a ramin makulli, ya shafa ragowar a fuskar kwaɗon da babban yatsa. Duk mai ido zai gani, duk wanda ya gani zai ce Atiku Fensir. Ya san kansa ya sayar. Ya ce a ransa, gara ni.

Da ya ɗago, Atu na kallonsa daga kan babur.

Suka tayar, suka bi ta bayan makabarta suka faɗa hanyar daji.

*

Abdulƙadiri ba ya tsayawa gaishe-gaishe bayan salla. Shi ya fara isowa, carbi a hannu. Ya ga butar Baba Na'iya a kife, takalminsa ɗaya a gefe. Ya ji nishi daga cikin sito. Ya ciro makulli daga wuya ya zura ya murɗa.

Makullin ya fito baƙi.

Ya dubi yatsunsa. Ya dubi kwaɗon. Shekara nawa yana wanke wannan baƙin daga rigunan makarantar yaron nan, daga zanin gado, daga bakin kofi? Ya tsaya kamar an dasa shi. "Atiku," ya ce a hankali. "Atiku, mi kai muna?"

Can ƙarshen layi mutane sun fara ɓullowa, fararen riguna, darduma a kafaɗa. Cikin sito tsoho na nishi. Abdulƙadiri bai shiga ba tukuna. Ya zare kwaɗon ya cusa shi a aljihun cikin rigarsa ya murje. Ya zura makulli ya zaro ya goge, ya sake, ya sake. Ya hura. Ya ɗauki butar maigadi ya tsiyaye ɗan ruwan da ya rage a ramin, ya girgiza, ya goge da cikin hularsa har kwaɗon ya koma fes. Sannan ya maƙala shi a ƙofa ya ɗaga murya ya ce a kawo agaji.

Aka fito da Baba Na'iya, jini har wuya. Alhaji Jamaluddeen ya iso da gudu, babbar riga na jan ƙasa. Ya ga durowa wayam, ya dafa bango. Kafin ka ce me, masu ajiya sun cika layin.

"Baba, ɓalle ƙofa sunka yi?" in ji wani mahauci.

"Ban ji guduma ba," in ji tsohon. "Kaina na cikin buhu, amma kunnena na ji. Ƙas nij ji, awa an sa makulli."

Mahaucin ya ɗaga kwaɗon ya juya shi kowa ya gani. Idanu suka koma kan mutum ɗaya.

"Abdulƙadiri," in ji Alhaji, "da bakinka kac ce min ba mai buɗe shi sai da makullinka."

"Na faɗi, Alhaji."

"To wa yab ba su?"

"Ban ba kowa ba, Allah na gani."

"In ba ka ba kowa ba, to akwai mai iya buɗe shi. Faɗa min suna nai, in bar ka."

Suna ɗaya ne, yana kan harshensa. Abdulƙadiri ya haɗiye shi.

"Ban san kowa ba."

"Infoma!" wani ya ce daga baya.

Shi ke nan. Ban san wanda ya fara ba, kuma har yau babu wanda ya yarda shi ne. Gora, sanda, dutse, ƙafar benci. Mutanen da suka tsaya sahu ɗaya da shi ɗazu, kafaɗa da kafaɗa. Alhaji na cewa ku bari, ku bari, babu mai jin sa. Duk wanda ya ɗaga hannu sai ya tambaya, su waye, ina suke, Abdulƙadiri kuwa ya dunƙule a ƙasa ya rungume aljihun rigarsa.

Sai da motar 'yan sanda ta kutsa cikin taron aka yi harbi sama sannan suka watse. Sufeto Abdulganiyyu, mutum mai furfura da ya daɗe yana farautar masu buɗe sito ba ɓarna, ya sa aka ɗauki Abdulƙadiri zuwa asibiti. Ya karɓi kwaɗon ya duba ciki da waje, bai ga komai ba. Wata mai tallan fura ta ce ta ga babura biyu sun yi hanyar Fakku. Sufeto ya kira 'yan sandan da ke gaba ta waya su tare hanya, ya ce wa direba, "Taka."

*

A wani busasshen rafi kafin Fakku suka tsaya shan ruwa. Atiku ya zauna gefe, ya ƙura wa yatsunsa ido. Atu ya matsa kusa da Sharifu ya yi masa raɗa. Kason mutum uku in ya koma na biyu ya fi auki, Atu ya iya wannan lissafin.

Sharifu ya taho ya tsuguna gaban Atiku.

"Mu ga hannunka, injiniya."

Ya kama ya juya. Babban yatsa baƙi ƙirin.

"Sa hannu ka bar musu ke nan."

"Yayana na, Oga. Shi yar riƙe ni."

"Na sani. Ni ma ina son zumunci." Ya dubi Atu. "Riƙe min shi."

Atu ya shaƙo shi ta baya. Sharifu ya shimfiɗa hannun dama a kan dutse, ya ɗaga gindin bindiga. Bai yi sauri ba. Yatsa-yatsa ya bi, ya gama ya koma na hagu. Ihun Atiku ya tashi tsuntsaye daga kan bishiyar kirya. Da ya gama ya goge bindigar da ganye.

"Harsashi na da tsada. Ka zauna nan su tsince ka, ka ba su labari mai tsawo. Kafin ka gama mun ƙetare."

Jiniya ta taso daga nesa. Suka hau babura. Ba su yi nisa ba suka yi kiciɓis da waɗanda suka tare gaba — harbi ta ko'ina, ƙura, ihu! Sharifu ya daki tayar babur ɗin Atu da ƙafa, Atu ya kife a tsakiyar hanya, duk bindigogi suka koma kansa. Shi kuwa ya kwanta a kan tanki ya tsaga gonar dawa da buhun a bayansa.

*

Sufeto Abdulganiyyu ya tarar da Atiku a cikin rafin, ya ɗaga hannuwa sama kamar mai addu'a don ba ya iya sauke su. Wani ɗan sanda ya ciro ankwa, ya dubi hannuwan, ya mayar da ita ƙugu.

"Yallaɓai," in ji Atiku, yana haki, "ni nib buɗe siton Alhaji. Ni kaɗai, da waya. Yayana bai san komi ba. Ku duba kwaɗon, na cika shi da garin fensir. Kowa ya san aikina na."

Sufeto ya ciro kwaɗon daga leda ya kai masa kusa da ido.

"Wanga?"

Tagulla na ƙyalli. Ko ɗigo babu.

"Ba shi ba ne. An canza. Wallahi na zuba, kwalba guda na juye."

Sufeto ya mayar da kwaɗon cikin leda. Aka sa Atiku a bayan mota. Ba ofis suka nufa ba, asibiti suka yi, don hannuwan sun kumbura sun yi shuɗi. A baranda wata mace na zaune a ƙasa, mayafi ya zame, ba ta kuka, ba ta motsi. Bashira ce, matar Abdulƙadiri. A cinyarta akwai farar rigar Juma'a da ta koma ja, da hula.

Ta ga Atiku. Ta ga 'yan sanda a bayansa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ya cika ana kiran la'asar," ta ce. "Ina ta tambaya tai wa yaka rufa ma asiri, ya ƙi faɗi. Sai da za a cire mishi rigar ga ya riƙe aljihu, ya ce kar in bari kowa shi gani, in wanke da kaina."

Ta zura hannu ta juyo aljihun waje. Baƙi ƙirin. Ta kifa hular, cikinta ma haka.

"Na san baƙin ga, Atiku. Ni ka wanke maka kaya."

Atiku ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya so ya ɗauki rigar, yatsun suka ƙi.

An binne Abdulƙadiri da Atu rana ɗaya, ɗaya da jama'a har bakin titi, ɗaya da ma'aikata biyu. Cikin masu sallar gawar akwai waɗanda suka ɗaga gora, sun fi kowa sunkuyar da kai. Baba Na'iya ya warke amma kunnensa ɗaya ya mutu, kuma ya daina gadi. Bashira ta koma gidan iyayenta a Sanyinna da 'ya'ya uku. Sharifu har yau ba a kama shi ba, an ce an gan shi a wani gari yana saya wa wani yaro shayi.

Atiku yana gidan yari. Likita ya yanke yatsu huɗu, sauran sun ƙage. Kwaɗon da ke ƙofar ɗakinsu ɗan arha ne, irin wanda a da yake buɗewa yana hira. Kullum da yamma in gandiroba ya zo kullewa, Atiku na juya fuska bango ya toshe kunnuwa da dungulmin hannuwansa, don kada ya ji ƙas ɗin.